Harshen Karuk: yadda aikatau ɗaya ke faɗin inda mai tafiya ya dosa

A arewa maso yammacin jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin duwatsu da dazukan da kogin Klamath ya ratsa, akwai wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Karuk. Tun asali wannan ba sunan ƙabila ba ne. A harshensu, káruk kwatance ne, yana nufin sama da kogi, wato ɓangaren da ruwa ke gangarowa daga can. Su dai áraar suke ce wa kansu, ma'ana mutane. Maƙwabtansu da duniya ta sani da Yurok ma daga bakin Karuk sunansu ya fito, domin yúruk shi ne ƙasa da kogi, inda ruwa ya dosa. Turawan da suka kwararo yankin neman zinariya daga 1850 sun ji kalmomin kwatance guda biyu, suka ɗauka sunayen ƙabilu ne, sunayen kuma suka bi mutanen har yau.

Wanda ya gane yadda aka yi wannan tuntuɓen ya kama bakin zaren harshen. Mutumin Karuk bai cika cewa wane ya gudu, ko wance ta jefa abu, ya tsaya nan ba. Aikatau ɗin da kansa zai gaya maka ko sama aka yi da kogi ko ƙasa, ko tudu aka hau ko gangarawa aka yi, ko ɗaki aka shiga ko ruwa aka faɗa, sannan ya gaya maka ko wurin mai magana aka nufo ko baya aka ba shi. Duk wannan a kalma ɗaya. Shi ya sa idan ka buɗe ƙamus ɗin harshen ka tarar an fassara wata kalma da "motsawa" ko "gudu" kawai, to rabin magana aka ba ka. Sauran rabin yana cikin abin da ake liƙa mata a ƙeya.

Sai an san ƙasar kafin a gane nahawun. Klamath ya taso daga kudancin jihar Oregon, ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin ya zuba a Tekun Fasifik. Ƙasar Karuk ita ce tsakiyarsa: daga wajen garin Happy Camp, inda hedikwatar ƙabilar take a yau, zuwa Somes Bar inda kogin Salmon ya haɗu da shi, a gangaro zuwa Orleans, wanda su suke kira Panámniik. Wuri ne mai kwazazzabai masu zurfi. Ƙauyukan da duk a bakin ruwa suke, a kan 'yan filayen da kogi ya bari, dutse a bayanka dutse a gabanka. Kogin kuma ba ya tafiya miƙe, lanƙwasa yake ta yi. A irin wannan wuri gabas da yamma ba su cika fid da mutum ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne ruwa gangarawa yake yi, tudu kuma yana can sama da shi.

Da wannan aka gina kusurwoyin duniyarsu. Ban da káruk da yúruk, akwai máruk, wato sama kan tudu, nesa da ruwa; da sáruk, gangare zuwa bakin ruwa; da ithyáruk, tsallaken kogi. Huɗun farko kowacce tana da ƙaramar 'yar'uwa da ake amfani da ita idan wurin nan kusa ne: kâam, yûum, mâam, sâam. Kada a ɗauka káruk wata hanyar cewa arewa ce. A Orleans sama da kogi yana iya faɗawa wajen arewa maso gabas, amma da ka gangara ka wuce Weitchpec, inda kogin Trinity ya shigo, Klamath ya karkata ya dosa arewa maso yamma, sai sama da kogi ya koma kudu maso gabas. Kalmar ba ta ruɗe ba, domin da ruwa take aiki. Har sunayen wurare da na halittu sun ɗauki wannan tsari. Teku yúras ne, tafkunan da ke can mafarin kogin kuma kahyúras, tekun sama ke nan. Ƙaton nan na tatsuniya da ke zaune cikin duwatsu maruk'áraar ne, mutumin kan tudu.

Alamomin da ke kan wasulan nan na karin sauti ne, kuma Bahaushe ba zai sha wahalarsu ba. Mai jirge tana nuna sautin sama, mai kama da hula tana nuna sauti mai faɗuwa, irin wanda muke ji a "kai" na jiki ko "yau". Wasali biyu a jere dogon wasali ne. Ana furta th kamar harafin Larabci na farkon "thalatha", x kuma kamar na farkon "khamsa".

To, yaya ake ƙera aikatau ɗin? A gaba akwai ɗafa-goshi mai nuna wanda ya yi aikin: ni- na mai magana, i- na wanda ake yi wa magana, u- na wani can, nu- na mu, ku- na ku, kun- na su. Mai karatu zai lura ni- da ku- sun yi daidai da namu sak. Katari ne kawai, babu wata dangantaka tsakanin harsunan biyu, kada wani ya tashi da labarin cewa Hausawa sun taɓa zuwa Kalifoniya. Wani abin lura kuma, u- bai san namiji ko mace ba. Inda Hausa ba ta iya buɗe baki sai ta zaɓi "ya" ko "ta", Karuk ba ruwanta. Nata tilas ɗin yana wani wurin daban.

Bayan ɗafa-goshi sai saiwa, wadda ke faɗin yadda jiki ya motsa: gudu ne, rarrafe ne, tsalle ne, iyo ne, ko ruwa ne ya ɗauki mutum. Sai ɗafa-ƙeya ta zo ta faɗi inda motsin ya dosa. Ɗauki ikvip, gudu. Idan za a liƙa masa wani abu sai ya miƙe ya zama ikvírip-, wasalin farko kuma ya faɗi idan u- ya shigo. Ukvíriproov, ya ruga sama da kogi. Ukvíriprup, ya ruga ƙasa da kogi. Ukvíripuraa, ya haura tudu a guje. Ukvíripunih, ya gangara a guje. Ukvíripvarak, ya rugo daga sama da kogi. Gudun ɗaya ne, ƙeyar ce ke juyawa.

A nan ne abin ya fi daɗi, domin kowace kusurwa ɗafa-ƙeya biyu gare ta, ɗaya ta tafiya ɗaya ta zuwa. Wanda ya bar ka ya yi sama da kogi -roov ne. Wanda ya taho wurinka daga can -varak ne. Wanda ya bar ka ya yi ƙasa da kogi -rup ne. Wanda ya taho daga can -raa ne. Wanda ya hau tudu -uraa. Wanda ya sauko maka daga tudu -fak. Wanda ya gangara bakin ruwa -unih. Wanda ya hauro daga bakin ruwa -raa. Wanda ya haye tsallake -kath. Wanda ya hayo -rina. Duba da kyau za ka ga -varak da -rup duk ƙasa suka yi da ruwa. Idan jirgin sama ya ɗauki hoton mutanen biyu, hanya ɗaya suke bi, fuska ɗaya suka dosa. Bambancin yana ga inda mai magana yake tsaye: na farko bai iso shi ba tukuna, na biyu ya riga ya ba shi baya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, kuma a ganina mun fi mai jin Turanci saurin gane shi. Muna da fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, gangara da gangaro, kai da kawo. Wannan -o ɗin shi ne masana nahawun Hausa ke kira giredi na 6, bisa tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960. Yaro ɗan shekara uku ba ya ce wa uwarsa "ki kai min ruwa" alhali yana nufin a kawo masa, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa ƙa'idar. Inda Karuk ta wuce mu shi ne, -o namu abu ɗaya yake faɗi: motsin ya nufo nan. Bai faɗi daga ina ba, sai ka ƙara "daga tudu" ko "daga tsallake". Ita kuwa Karuk ta narkar da "nan" ɗin da "daga ina" ɗin wuri guda.

Akwai abin da ya kamata a ɗan tsaya a kansa cikin jerin can. -raa ta fito sau biyu, ga wanda ya taho daga ƙasa da kogi, ga kuma wanda ya hauro daga bakin ruwa. Mai gaggawa zai ce gibi ne a tsarin. Ni ban ga gibi ba. Duk biyun hawa ne ake yi zuwa wurin mai magana, ɗaya yana saɓa wa ruwa, ɗaya yana saɓa wa gangare. A ƙasar da ruwan sama ke sauka kan tudu, ya gangara ƙorama, ƙorama ta zuba a kogi, kogi ya zuba a teku, gangare biyun nan gangare ɗaya ne, wani ya ɗora daga inda wani ya tsaya.

Ba kogi kaɗai waɗannan ɗafe-ɗafen suka sani ba. William Bright, masanin harsuna wanda ya rubuta nahawun harshen, ya jero fiye da 30, kuma da yawansu labarin gida da murhu da kwando suke bayarwa. -furuk shiga ɗaki, -rupuk fita daga ɗaki. -ramnih shiga cikin mazubi kamar kwando ko kwalekwale, -rishuk fitowa daga cikinsa. -kurih cikin ruwa, -kirih cikin wuta, wasali ɗaya tal ya raba su. -vara shiga ta cikin abu mai rami dogo kamar bututu, -kiv fita ta cikinsa. -ruprih kutsawa cikin abu mai tauri, -ruprav ɓullowa daga cikinsa, irin yadda tsiro ke fasa ƙasa. -taku a kan abu, -suru rabuwa da abu, -thuna kai da kawowa nan da can. Saiwa ɗaya kamar path-, jifa, tana iya ɗaukar mafi yawansu, kowanne ya ba da sabon aikatau: jefawa cikin ruwa, jefawa cikin wuta, jefawa cikin kwando, jefawa sama da kogi. Ba ma sai jiki ya motsa ba, kallo ma tafiya yake yi. Utrôovutih na nufin yana kallon sama da kogi.

Kalmar shiga ɗaki ta cancanci a dube ta kusa. Gidan Karuk na gargajiya, ikrívraam, da faffaɗan katako ake gina shi, a haƙa tsakiyarsa ya nutse cikin ƙasa, murhu a tsakiya. Ƙofarsa ba irin wadda mutum zai shiga a tsaye ba ce. Rami ne zagayayye da aka huda a jikin katako, ƙasa-ƙasa, sai ka durƙusa ka sa hannu da gwiwa. Saboda haka kalmar yau da kullum ta shiga gida ita ce vôonfuruk, daga saiwar vôor, rarrafe. Fita kuma vôonupuk. Babba da yaro, mai gida da baƙo, kowa rarrafe yake yi ya shiga, kuma babu raini a ciki. Gidaje sun canza, ƙofofi sun yi tsawo, kalmar tana nan. Akwai kuma ɗakin gumi, ikmaháchraam, inda maza ke kwana, su hura wuta su yi gumi su fita su faɗa ruwan sanyi. Matsayinsa a rayuwarsu ya kai har shigarsa tana da ɗafa-ƙeyarta, -vrath.

Saiwar ma ba ta zaune haka nan. A wasu aikatau na tafiya da zama, tana canzawa gaba ɗaya bisa yawan masu aikin, kuma ba tilo da jam'i kawai ake rabawa ba, har da biyu. Mutum ɗaya ya kama hanya, vâaram. Mutum biyu, iyâaram. Uku zuwa sama, ivyíihship. Zaman wuri ma haka: na mutum ɗaya ikriv, wadda ta haifi ikrívraam, wurin zama, na mutum biyu iin. Ka ga ke nan mai sauraro, daga kalma ɗaya, yana iya sanin mutum nawa ne, da gudu ne ko a rarrafe, ina suka fito, ina shi mai labarin yake tsaye. Idan aka ƙara ip- a gaba, wadda sau da yawa takan gajarce ta zama p-, sai ta ce komawa ce ko maimaitawa: uvâaram ya tafi, upvâaram ya koma.

Inda ake ganin wannan injin yana aiki sosai shi ne tatsuniya. Gwarzon tatsuniyoyinsu Pihnêefich ne, wato koyote, wata dabba dangin dila, mai wayo da haɗama da wauta a haɗe. Akwai sanannen labarin tafiyarsa, wanda tsofaffi irin su Nettie Reuben da Julia Starritt suka ba Bright, kowa da irin nasa zubin. Ya tashi ya yi sama da kogi, wajen kahyúras, neman kuɗin wuri da suke kira ishpuk. A hanya haɗama ta ja shi ya ci abin da ba nasa ba, ƙishirwa ta kama shi, duk ƙoramar da ya dosa sai ya tarar ta ƙafe. Da ya samu ruwa a ƙarshe, ya kifa kai ya sha har ya faɗa ciki. Kogi ya ɗauko shi, ya mai da kansa itacen da ruwa ke ja, ya wuce garinsu, bai tsaya ba sai bakin teku, daga nan ya ɓuya cikin kwalekwalen wasu aka dawo da shi gida.

Idan ka bi aikatau ɗin labarin kaɗai za ka iya zana taswirarsa. Rabin farko u'árihroov ake ta maimaitawa, ya yi sama, ya yi sama. Da ya faɗa ruwa sai saiwa ta canza, ƙeya ma ta canza: uthivrúuhvarak, ruwa ya gangaro da shi daga sama. Saiwar farko ta mai tafiya da ƙafarsa ce, ta biyu ta abin da ruwa ke ja ce, ba shi da ta cewa. -varak ɗin kuma ta tona inda mai labarin da masu sauraronta suke zaune: a gida, a tsakiyar kogi, suna kallon wawan yana gangarowa wurinsu. Fassara zuwa Turanci takan zubar da wannan, sai a ce kawai ruwa ya tafi da shi. Hausa za ta fi riƙe shi, domin "ya gangaro" ba ɗaya yake da "ya gangara" ba.

Tatsuniya takan buɗe da uknîi, ta rufe da kupánakanakana. Bayan rufewar mai labari kan ƙara wata 'yar addu'a, domin da hunturu ake tatsuniya, lokacin da abincin ajiya ya fara ja baya. A ciki ana kiran ishyâat, kifin salmon na bazara, a ce masa ya yi sauri, imshírihraavish. Saiwar ƙyalli ce, ƙeyar kuma -raa ɗin nan ce, sai alamar lokaci mai zuwa: za ka ƙyallo daga ƙasa. Ba a ce zo ba, ba a ce yi iyo ba. An ɗauki walƙiyar jikin kifi cikin ruwa an ɗora mata hanya, daga teku zuwa nan. Ga mutanen da salmon, áama a harshensu, shi ne ginshiƙin abincinsu, waɗanda har yau suke kamun kifi da koma mai dogon mariƙi a gangaren ruwan Ishi Pishi kusa da Katimin, wurin da suke ɗauka cibiyar duniya, wannan -raa ba ado ba ce. Madatsun ruwa huɗu da aka gina a saman kogin, ciki har da Copco 1 na 1918 da Iron Gate, sun tare kifin daga mahaifarsa ta sama. A watan Satumba na 2002 kifi fiye da 30,000 suka mutu a ƙasan kogin saboda ƙarancin ruwa da cuta. Karuk da Yurok sun yi shekaru suna fafutuka, aka rushe madatsun huɗu tsakanin 2023 da 2024, kuma a watan Oktoban 2024 aka ga salmon a rassan kogin da ke Oregon, inda aka yi fiye da shekara 100 ba a gan shi ba.

Wasu daga cikin ɗafe-ɗafen sun bar kwatancen wuri sun shiga kwatancen lokaci. -sipriv asalinta sama ce, tashi, amma ta zama alamar fara aiki: ukvíripship, ya zabura da gudu. -ishrih asalinta ƙasa ce, sauka, sai ta zama alamar abin da aiki ya ƙare a kai. Shi ya sa árihish, wadda gininta tsalle ne da dira, take nufin zama wani abu, rikiɗa. Mai koyon harshen da ya haddace "sama" da "ƙasa" kawai zai yi ta cin karo da irin waɗannan. Masaniyar harsuna Monica Macaulay ta sake nazarin dukan tsarin a 2004, kuma har yanzu masana na tattauna yadda ɗafe-ɗafen ke shafar ginin jimla, domin wasunsu ba kwatance kawai suke ƙarawa ba, suna buɗe wa aikatau gurbin wurin da aka nufa.

A nan ya kamata a ja birki. Irin wannan bayani yakan faɗa hannun masu son abin mamaki, sai ka ji ana cewa wata ƙabila tana da kalmomi talatin da wani abu na jifa, kamar dai tsohon zancen nan da ake cewa Eskimo, mazauna ƙasashen sanyi na can ƙuryar arewa, suna da tulin kalmomi na ƙanƙara. Ba haka abin yake ba. Saiwa ɗaya ce da jerin ɗafe-ɗafe, kuma jerin nan shi ne dai ake ɗora wa gudu da rarrafe da kallo. Wanda ya ce Hausa tana da kalmomi daban-daban na saye don ya ji sayi, sayo, saye, sayar, sayu, bai fahimci Hausa ba. Kuma kada a yi saurin cewa harshen ne ya sa suke ganin duniya haka. Masanin harsuna Edward Sapir ya kawo misalin yankin nan a littafinsa Language na 1921: Karuk da Yurok da maƙwabtansu Hupa al'adarsu kusan ɗaya ce, bukukuwa iri ɗaya, gidaje iri ɗaya, kuɗin wuri iri ɗaya, ana auratayya, amma harsunansu ba su haɗa komai a asali ba. Yurok dangin harsunan Cree da Ojibwe ne na can gabas. Hupa dangin harshen Navajo ne. Karuk kuwa ba ta da wata 'yar'uwa ta kusa da aka tabbatar. Roland Dixon da Alfred Kroeber sun saka ta cikin wani rukuni da suka kira Hokan a 1913, amma hasashe ne da har yau ba a gama yarda da shi ba. Duk da haka harsunan uku da kogi suke kwatance. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne ƙasar da zaman tare ne suka ba su abin faɗi, kowane harshe kuma ya faɗe shi da kayan aikin da ya gada. Na Karuk ya zamo ɗafa-ƙeya.

Da ƙyar wannan ilimin ya iso gare mu. Masu neman zinariya sun ƙone ƙauyuka, sun kashe mutane, sun lalata wuraren kamun kifi. Yarjejeniyoyin da wakilan gwamnati suka ƙulla da ƙabilun Kalifoniya a 1851 da 1852, majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da su, Karuk suka tashi ba su da keɓaɓɓiyar ƙasa. Daga baya aka riƙa kwashe yara zuwa makarantun kwana, inda ake hukunta wanda ya yi yarensu. Masanin harsuna John P. Harrington ya yi aiki da wata 'yar ƙabilar, Phoebe Maddux, ya fitar da wani babban littafi kan taba a al'adar Karuk a 1932, cike da zance cikin harshen. Bright, ɗalibin Mary Haas a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fara zuwa bakin Klamath a 1949, littafinsa The Karok Language ya fito a 1957, da nahawu da tatsuniyoyi da ƙamus a ciki. A 2005 shi da Susan Gehr, 'yar ƙabilar, suka fitar da sabon ƙamus. Kafin nan waɗanda suka sha harshen a nono sun ragu sun koma tsofaffi 'yan ƙalilan, alhali 'yan ƙabilar da ke cikin rajista sun haura 3,000.

Idan harshe ya kama hanyar ɓacewa, gaisuwa da sunayen abubuwa su ne ke jurewa. Ayukîi, sannu, da yôotva, na gode, ba su da wuyar riƙewa, ana iya rubuta su a allo ko a jikin riga. Mai wuyar shi ne bambancin -varak da -rup, domin ba a haddace shi a zaune. Sai ka san inda kake tsaye, ka san inda ruwa ya dosa, ka zaɓa kafin numfashi ya ƙare. Wanda ya tashi da Turanci ya saba da aikatau tsirara, ya ƙara kwatance idan ya ga dama, kuma wannan sabon ne zai riƙa ja masa harshe. Shi ya sa nake ganin tsarin nan na haɗa tsoho mai jin harshe da matashi mai koyo, wanda aka fara a Kalifoniya a farkon shekarun 1990 tare da masaniyar harsuna Leanne Hinton da 'yan ƙabilu ciki har da Karuk, ya dace da wannan harshe fiye da aji. A tsarin ba a fassara, aiki ake yi tare: a dafa abinci, a ɗebo itace, a shiga mota, a fita, ana magana kan abin da hannu ke yi. A nan ne "saka cikin kwando" da "gangara bakin ruwa" suke samun wurin zama.

Ƙamus ɗin intanet da ƙabilar da masana na Berkeley, ciki har da Andrew Garrett da Line Mikkelsen, suka gina, an sa masa suna Ararahih'urípih, wato koma ko ragar harshen mutane. An ɗaure kalmomin da jimlolin da suka fito a ciki, daga tsofaffin rubuce-rubuce da kuma sabbin hirarraki, wasu har da murya. Mai koyo da ya nemi ikvip zai ga kalmomin da ta haifa a jere, ya danna ɗaya, ya karanta labarin da ta fito a ciki, ya duba wa ke magana da kuma inda yake tsaye lokacin da ya zaɓi wannan ƙeyar.